Ranar da Kyalla Ta Cinye Tikitin Jirgi

A wata ƙaramar sakandare ta maza a garin Gaya, akwai ajin da yake tashi sama duk ranar Alhamis.

Ajin Malama Afra'u ne, mai koyar da Faransanci. Idan Alhamis ta zo, sai yara su jera bencina layi biyu, su bar hanya a tsakiya. Shi ke nan, aji ya zama jirgin sama.

Ba a shiga jirgin sai da tikiti. Tikitin kuwa kati ne na kwali mai hoto. Wani hoton doki, wani kifi, wani albasa, wani jirgin ƙasa. Matuƙin jirgi yakan tsaya a bakin ƙofa da hular kwali a kansa. Kowa ya zo ya zari kati, ya faɗi sunan abin da Faransanci. In ya faɗa daidai, ya shiga. In ya kuskure, ya koma bayan layi.

Idan kowa ya zauna, sai Malama ta kunna ƙarar jirgi a wayarta.

"Fasinjoji su rufe ido," takan ce. "Matuƙi kuwa idonsa a buɗe."

Daga nan sai ta fara ba su labarin garin da za a sauka, a hankali, da Faransanci mai sauƙi. Sun je Dakar. Sun je Abijan. Ran nan ma ta kai su ƙasar Sifaniya, ta koya musu yadda ake gaisuwa a can.

A ajin akwai wani yaro ɗan ƙauyen Kademi. Yaron kirki ne, sai dai akwai shi da tafiya duniyar tunani. Kana yi masa magana, yana kallonka, amma hankalinsa ya yi nisan kiwo. Bai taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da ya sani shi ne kogin Wudil, shi ma daga cikin mota ya hango shi. Amma kullum teku yake gani a zuciyarsa.

Wata Laraba, Malama ta kira shi gaban aji.

"Gobe kai ne matuƙi," in ji ta. "Bakin teku za mu je."

Daɗi ya kama yaron har ya rasa bakin godiya. Tun farkon zango yake jiran wannan rana.

Malama ta miƙa masa gwangwanin da katunan suke ciki. Al'adar ajin ce matuƙi ya tafi da su gida, ya haddace su, don shi ne mai duba tikiti.

"Ka ji ni da kyau," in ji Malama. "A ɗaki za ka karanta su. Kada ka fita da su waje. Da sitacin rogo na manna hotunan nan. Ruwa yana ɓata su, dabbobi kuma suna son ƙamshinsu."

"To, Malama."

Ya dai ce to. Amma anya ya ji? A lokacin idonsa yana kan katin da ke sama, mai hoton shuɗin ruwa da farin yashi.

Da la'asar, kakarsa Dada ta leƙo ɗakinsa.

"Mijina, kai kaɗai ka rage a gidan. Kai mini awakin nan gonar gyaɗa su yi kala. Ka kula kada su faɗa dawar mutane."

"Dada, karatu nake yi fa."

"Karatun ba zai gudu ba. Miji ba ya ƙin aiken matarsa."

Yaron ya dubi gwangwanin. Ya dubi ƙofa. Ya ce a ransa, ai a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ya cusa gwangwanin a cikin rigarsa, ya kora awaki.

An riga an cire gyaɗa a gonar. Awaki suka bazu suna tsintar ganye. Yaron ya zauna a gindin tsamiya, ya baje katunan a ƙasa, layi-layi, kamar mai tallar goro. Ya fara karantawa. Doki, le cheval. Kifi, le poisson.

Sai ya ɗauki katin teku. La mer.

Iska mai sanyi tana kaɗawa. A gabansa gonakin dawa ne, iya ganinka. Dawar tana sunkuyawa tana tasowa, tana sunkuyawa tana tasowa. Yaron ya ƙura mata ido. A hankali kore ya fara komawa shuɗi. Shuuu ɗin ganyen dawa ya zama ƙarar ruwa.

Ga shi a bakin teku, ƙafarsa cikin yashi mai laushi. Ga kwale-kwale masu fenti ja da rawaya. Fararen tsuntsaye suna shawagi. Wani tsoho mai kamun kifi ya ɗago masa hannu, ya ce, "Bonjour." Yaron ya amsa, Faransanci yana zuba daga bakinsa ba gargada. Tsohon ya ba shi wuri a kwale-kwalensa. Suka yi ta tafiya, ruwa yana lilo da su, har gari ya ɓace.

Can sai ya ji wata ƙara da ba ta teku ba.

Ƙaras. Ƙaras. Ƙaras.

Ya buɗe ido. Kyalla ce, babbar akuyar Dada mai farin goshi. Tana tsaye a kan katunan, 'ya'yanta biyu a gefenta. Rabin jirgin ƙasa yana leƙowa daga bakinta.

Ya yi tsalle ya kore su, amma aikin gama ya gama. Doki ya tafi. Kifi ya tafi. Abin da ya rage 'yan gutsattsari ne masu yawu, sai katin teku da ke hannunsa.

Kyalla ta dube shi tana tuƙa, ko a jikinta.

Ya koro awakin gida yana share hawaye. Dada tana ganin fuskarsa ta san da magana. Ya gaya mata komai. Ta dubi akuyar.

"To, Kyalla, yau kin riga ni shiga boko. Gaishe ni da Faransanci mana."

"Dada, ba abin dariya ba ne."

"Na sani, mijina. Zo ka zauna."

Ya zauna kusa da ita. Ya ce a hankali, "Ko in ce ƙanena ne ya jiƙa su?"

Babansa yana alwala a bakin rijiya, ashe ya ji. Ya ajiye buta.

"Malamar ta ce kada ka fita da su?"

"Ta ce, Baba."

"Ka fita da su?"

"Na fita da su."

"To, abin da za ka faɗa mata ke nan. Ɓarna ɗaya ta isa. Kada ka ɗora mata ƙarya."

Da safe, ƙafarsa ta yi nauyi a hanyar makaranta. Da ya isa, ya tarar har an jera bencina. Abokinsa Ja'afar, wanda zai raba wa fasinjoji shayin wasa, ya aro faranti daga gida. Kowa sai murna yake yi.

"Ga matuƙi nan," in ji yara. "A ba shi hula."

Yaron ya je gaban Malama, ya buɗe gwangwanin. Kati ɗaya ne a ciki.

"Malama, na karya dokarki. Na tafi da su kiwo. Na shiga tunani, akuya ta cinye su."

Wani ya fashe da dariya a baya. Amma da aka ga fuskar Malama, dariyar ta mutu.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki katin teku, ta juya shi a hannunta.

"Hotunan nan daga Damagaram na zo da su, lokacin da nake karatu a can," in ji ta. "Dogon hutu guda na yi ina yanka su ina mannawa. Ba ni da wasu."

Da ma dukansa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Na ji daɗi da ka faɗi gaskiya," ta ci gaba. "Amma jirgi ba ya tashi babu tikiti. Ku mayar da bencina."

Ranar ba a je ko'ina ba. Rubutu aka yi ta kwafa daga allo. Hular kwali tana kan tebur, ba wanda ya taɓa ta. Ja'afar ya tura farantinsa ƙarƙashin benci, bai ko dubi abokinsa ba. Da aka tashi, wani yaro mai suna Ashraf ya tare shi.

"Ni ne matuƙin mako mai zuwa," in ji shi. "Ka cuce ni. Ka je kai da akuyarka ku tashi."

Yaron ya wuce gida.

A gida ya nemi kwali, ya gwada zane. Ya zana doki, ƙanensa ya ce kare ne. Ya zana kifi, ya fito kamar takalmi. Ya jefar da fensir, ya haɗa kai da gwiwa.

Dada tana tsintar wake a faifai. Ta ce, "Wai me da me ke jikin katunan nan?"

"Abubuwa da yawa. Hula, cokali, albasa…"

"Albasa? Ita ce sai an je Damagaram a ɗauko hotonta?" Ta nuna kwando da haɓa. "Ga ta can tana hararar ka."

Yaron ya dubi albasar. Ya dubi waken da ke faifai. Ya dubi ludayin da ke rataye a bango, da zangarniyar gero a kan rumbu. Sai ya miƙe zumbur.

Ranar Litinin ya je wurin Malama da kwando a kansa. Ya sauke a gabanta, yana jin kunya.

"Malama, ban iya zane ba. Amma ko waɗannan za su iya zama tikiti?"

Malama ta leƙa. Ga albasa, ga gyaɗa, ga gero, ga tsintsiya ƙarama, ga tsohon kwaɗo da mukullinsa, ga hular ƙanensa. Ta ɗauki albasar, ta shinshina. Murmushi ya ɗan taɓa bakinta.

"Tikitin da ake shinshinawa," in ji ta. "Ban taɓa gani ba. Amma ba su isa kowa ba. Kuma kowanne yana buƙatar sunansa a jiki."

"Zan yi, Malama."

Duk makon bai fita hutun tara ba. Abokansa suna ƙwallo, shi yana cikin aji. Malama ta rubuta masa sunayen a allo, shi kuma ya kwafa a 'yan guntayen kwali, ya huda, ya ɗaura da zare. Sau da yawa iska takan kaɗa bishiyar da ke bakin taga, hankalinsa ya fara tafiya. Sai ya tuna da ƙaras-ƙaras, ya dawo da kansa.

Ranar Talata Ja'afar ya shigo, ya ajiye cokali da kofi a kwandon, ya zauna yana taya shi yanka zare. Ranar Laraba wasu suka kawo nasu. Wani lemo, wani sabulu. Ashraf ma ya zo da dokin laka da ya gina da kansa.

Alhamis ta zagayo. Aka jera bencina. Ashraf ya sa hular kwali, ya tsaya a ƙofa da kwando. Yara suna zara suna faɗa, ana ta dariya. Wanda ya zari barkono har da atishawa.

Yaron shi ne na ƙarshe a layi. Da ya iso, kwando ya ƙare.

Malama ta matso. "Kai ga naka tikitin. Wace ce ta cinye mana katuna? Faɗa mini da Faransanci."

"La chèvre," in ji shi. Wannan kalma kam har abada ba zai manta ta ba.

Aji ya ɗauki tafi. Malama ta buɗe jakarta, ta fito da wata hular kwali sabuwa.

"Jirgin da zai haye teku matuƙa biyu yake buƙata. Ashraf, ka yarda?"

Ashraf ya matsa gefe. "Ya zo. Amma ban da barci."

Yaron ya sa hula, ya zauna a gaba yana fuskantar fasinjoji. Ƙarar jirgi ta tashi daga wayar Malama.

"Fasinjoji su rufe ido. Matuƙa kuwa idonsu a buɗe."

Ta fara labarin teku, da yashi, da kwale-kwale. Yaron ya ji idonsa yana son rufewa. Ya ƙi. A maimakon haka ya dubi 'yan ajinsu. Kowa ido a rufe, wani riƙe da albasa, wani da ludayi. Ja'afar yana murmushi shi kaɗai. Wani yana motsa yatsun ƙafa kamar mai taka ruwa. Duk sun isa teku, kuma shi ne ya kai su.

Da jirgi ya sauka, Malama ta tambaye shi, "Me ka koya?"

"Mafarki ba laifi ba ne, Malama," in ji shi. "Amma wanda aka ba amana, sai ya buɗe ido ya tsare ta."

Malama ta gyaɗa kai. Ta ɗauko katin teku, ta sa masa a hannu. "Wannan naka ne."

Da ya koma gida, Kyalla ta taho tana shinshinar aljihunsa. Ya dafe aljihun da hannu biyu, ya wuce ɗaki, ya rufo ƙofa.