Siririn Layi a Zanen Baba

Da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ofishin 'yan sanda, ko fararen kayan aikinta ba ta tsaya cirewa ba. Saje ya kai ta gaban Sufeto, wanda kowa ke kira Sannu-Sannu, don ko gobara ake yi sai ya shanye shayinsa.

"Zauna, Nas. Me aka yi miki?"

"An damfare ni, ranka ya daɗe. Kuma ni da kaina na miƙa wuya."

Ta kwashe labari ta faɗa masa. Mahaifinta tsohon malamin makaranta ne, ya tara labaran da ya riƙa ƙirƙira wa ɗalibansa, yana so su zama littafin yara mai zane. Yanzu idonsa na dushewa, likita kuma ya ce abin ba mai komawa baya ba ne. Burin Baba ɗaya: ya ga littafin nan da idonsa kafin hasken ya tafi. Shi ne ta nemi mai zane ta intanet, ta biya duka, mutum ya yi layar zana.

"A ina kika same shi?"

"A wani dandali da ake ɗaukar masu aiki. Shafinsa cike da zane masu kyau, ga yabo an jera masa."

"Dandalin ba ya riƙe kuɗi amana sai an gama aiki?"

"Yana riƙewa. Shi ne ya ce mu fita daga ciki, wai suna yankar masa kaso mai yawa. In na biya shi kai tsaye zai yi min ragi."

"Araha ba ta ado," in ji Saje daga bakin ƙofa.

"Kin taɓa ganin fuskarsa?"

"Na nemi kiran bidiyo, ya ce kyamararsa ta lalace."

"Sunan da ke shafin, shi ne a asusun da kika tura kuɗin?"

"A'a. Ya ce na ƙaninsa ne."

Sufeto ya kurɓi shayi. "Kyamara ta lalace, asusu na ƙani. Saura ki ce an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti."

Nas ta zaro ido. "Wallahi ya faɗa!"

Saje ya ƙunshe dariya. Ita kuwa hawaye ne ya zubo mata, ta ce ba kuɗin ne ya fi damun ta ba. Kullum ta koma gida Baba sai ya tambaya ko zanen ya iso, ita kuma ta rasa bakin faɗa masa.

"Bai aiko miki da komai ba?"

"Zane uku, kafin in cika masa sauran."

Ta miƙa wayarta. Nan fa Sufeto ya ture kofin shayi gefe, abin da ba kasafai yake yi ba. Akwai zomo, akwai wata yarinya a bakin rijiya, na ukun kuma Baba ne da kansa, an zana shi daga hoton da Nas ta tura. Har zaren da ya ɗaure ƙafar gilashinsa da shi an zana.

"Wannan ba a intanet aka tsinto shi ba," in ji Sufeto. "Wani ya zauna ya zana shi, kuma da zuciya ɗaya. Ɗan damfara ba ya ɓata lokacinsa a kan zaren gilashi."

Ya ƙara girman hoton. Wani siririn layi ya ratsa gefen hagu daga sama har ƙasa, a wuri ɗaya a duka ukun. An kuma yanke kusurwar ƙasa ta kowanne.

"A takarda aka zana su, sannan aka ɗora a na'urar sikanin, mai ɗaukar hoton takarda, wadda ke da tabo a gilashinta. Saje, a nemo mana mai asusun nan."

*

Asusun na wani mai shagon cire kuɗi ne a bakin kasuwa, ɗan ƙaramin ɗaki mai taga da ƙarafa. Yana ganin kaki sai murmushinsa ya ɗauke.

"Wa ka miƙa wa kuɗin da wata nas ta turo asusunka?"

"Yallaɓai, mutane nawa ke zuwa nan a wuni? Ban san shi ba."

"Ban ce maka namiji ne ba."

Sufeto ya tsaya yana karanta wata sanarwa da aka manna a taga, mai cewa a duba kuɗi kafin a tafi. Ya kai yatsa gefen hagunta. Ga layin nan.

"Wa ya ba ka wannan takardar?"

"Shi... shi ne. Wallahi ban san sunansa ba. Da hular kwano yake zuwa da takunkumi, ya ce asusunsa ya samu matsala, sai a turo ta nawa in cire ladana. Takardar kyauta ya kawo min, ya ce a wajen aikinsa ake bugawa."

"Ka ara wa baƙo asusunka, ka san kuwa kai za a fara kamawa? Ka shirya, za ka je ofis ka ba da bayani. In kuma maganar nan ta fita, na san bakin da ta fito."

*

Akwai wani layi bayan kotu da shagunan fotokofi suka jeru kamar haƙora. Sufeto ya sa kayan gida, ya ɗauki wata tsohuwar takarda, ya riƙa shiga shago-shago yana cewa a yi masa kwafi ɗaya. Saje na biye da shi yana mita, wai yau sai sun ƙarar da tawadar garin nan.

A shagon da ke can ƙurya, kwafin ya fito da layi a gefen hagu.

Mai fotokofin mutum ne mai fara'a da yawan surutu. Sufeto ya biya shi, ya yi kamar zai fita, sai ya tsaya a gaban wani zanen tsuntsu da ke bango. Hannu ɗaya ne da na zanen Baba. Sai dai wannan kusurwarsa na nan, da ɗan tambarin gashin tsuntsu da lambar waya.

"Kai, wannan ya yi kyau. Kai ka zana?"

"Ina! Ni ko da'ira ba na iyawa. Wata ce, ta daɗe da barin gari."

Sufeto ya gyada kai, ya haddace lambar, ya fita.

"Ko shi ne, ko ita, ko kuma bakinsu ɗaya," in ji Saje a mota.

"Mu je mu ga wadda ta bar garin."

*

Ba ta bar ko'ina ba. Lambar ta kai su wani kantin kayan masarufi da ke unguwa ta gaba, inda wata matashiya ke tsaron kanta wa yayarta. Sufeto ya nuna mata katinsa.

"Ke ce mai zane?"

"A'a, ban iya ba."

Sufeto ya dubi kantocin. Duk ɗan kwalin da aka rubuta farashi a kai, akwai gashin tsuntsu a kusurwarsa. Har a kan sabulu.

"To wannan aljanu ne suka zana?"

Ta sunkuyar da kai. "Na daina ne, yallaɓai. Shi ya sa na ce ban iya ba."

Ya nuna mata zanen Baba a waya. Ta dafe ƙirji. Ta shiga ciki ta fito da wani kwali da ta ɗaure da igiya, ta zaro takardu uku. Su ne, ba layi, kuma kowanne da tambarinta a kusurwa.

"Ta yaya suka je hannun wani?"

"A wajen mai fotokofi nake sikanin duk aikina. Shi ya ce min akwai wata mata da ke son a zana littafi, amma sai na yi gwaji uku kyauta. Ya ba ni labaran da hoton tsohon. Na zauna na yi iya yi na."

"Sai me?"

"Ya ce matar ta gani ta yi tsaki, wai zanen yara ne, ba su yi ba. Su ne mafi kyau da na taɓa yi. Na ce in waɗannan ba su yi ba, to ba ni da abin da zai yi. Sai na ɗaure kayana."

Abin ya taɓa har Saje.

"Ya ba ki wani abu?" in ji Sufeto.

"Ko kuɗin takarda."

"Na so in yarda da ke," in ji Sufeto, "amma magana ce kawai, shi ma zai zo da tasa. Bari mu ga wa zai kira wa."

Ya aika aka zo da Nas. Bai gaya mata ko wace ce yarinyar ba tukuna. Ya sa ta rubuta wa ɗan damfarar saƙo, cewa Baba ya ji daɗin zanen, suna son bangon littafi ma, za ta biya ninki, amma sai ta fara ganin samfuri.

"Zai amsa kuwa? Ya daɗe da yin banza da ni."

"Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mutumin da ko da'ira bai iya ba, a ina zai samo samfuri?"

Suka zauna a kan buhunan kanti suna jira. Ba a daɗe ba wayar Mai Zane ta ɗauki ƙara. Sufeto ya yi mata alama ta buɗe murya.

"Ƙanwata! Albishirinki," in ji muryar mai fotokofi. "Na roƙi matar nan ta sake ba ki dama. Ki yi gwaji ɗaya na bango ki kawo yau. Ki dage fa, kada ki ba ni kunya kamar wancan karon."

Nas ta miƙe tsaye. Da aka kashe wayar ta dubi yarinyar.

"Ke kika zana Babana?"

"Ni ce, Anti. Ki yi haƙuri da ba su yi ba."

"Ba su yi ba? Ni fa a asibiti na buɗe su, na zauna ina kuka har marasa lafiya suna ba ni haƙuri!"

*

Da la'asar Mai Zane ta kai samfurin. Mai fotokofi ya ɗora shi a na'ura, ya sallame ta da wa'azin a riƙa haƙuri da sana'a. Tana fita, wayar Nas ta yi ƙara a cikin mota. Ga zanen ya iso, da layinsa, an yanke kusurwa.

Sufeto ya shiga, wannan karon da kaki.

"Ka ce ta bar gari. Yanzu na gan ta ta fita daga nan."

"Yallaɓai, ai... dawowa ta yi. Ni sikanin kawai nake yi mata. In an cuci wani, ita za ku tambaya, zanenta ne."

"Wayoyinka nawa?"

"Ɗaya. Ga ta."

Sufeto ya leƙa waje ya ce wa Nas ta kira mai zanenta na intanet. Sai ga ƙara na fitowa daga cikin aljihun na'urar, inda ake zuba farar takarda. Saje ya jawo shi, ya ɗaga takardun, ya zaro waya. A ƙarƙashin tebur kuma ga hular kwano.

"Na'urarka ma ta yi waya," in ji Saje. "Zamani!"

Mai fotokofi ya zauna a kan kwalin takardu. Ya ce duk aikin da masu zane suka kawo sikanin yana ajiye kwafi. Da su ya buɗe shafin, da hoton wani da bai sani ba, yabon ma shi ya rubuta wa kansa. In ciniki ya faɗo, sai ya sa a yi masa gwaji kyauta, ya yanke tambarin, ya karɓe kuɗi.

"Me ya sa ka ce mata aikinta bai yi ba?"

"In na ce ya yi, ai za ta nemi a haɗa ta da matar."

"Kuɗi ana iya ƙwato su," in ji Sufeto, ransa a ɓace. "Amma kai har hannun yarinya ka so ka kashe. Saje, sa masa ankwa."

Aka fito da shi, maƙwabtan shago sun yi cirko-cirko suna kallo.

A bakin mota Nas ta riƙe hannun Mai Zane ta ce aikin nata ne, in za ta karɓa. Sufeto ya sa baki, ya ce su rubuta yarjejeniya, shafi ya fito a biya kuɗinsa, kuma a asusu mai sunanta. Nas ta ce ai ta sha karatu, ko maɓalli za a ɗinka mata sai ta ga fuskar tela.

Ta roƙi Sufeto ya biya da su gida. Suka tarar da Baba a kujerarsa kusa da taga, inda haske ya fi yawa. Mai Zane ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa ainihin takardar da ta zana shi a kai. Ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana bin ta a hankali, sai ya fashe da dariya.

"Ja'ira! Har zaren gilashin nawa ba ki bari ba?" Ya shafa takardar. "Ina gani, 'yata. Amma ki ƙara wa layukan kauri, idon nan ba ya jira."

Mai Zane ta share hawayenta da bayan hannu. Ta kwance igiyar kwalinta, ta zaɓi fensir mafi kauri, ta ce, "Baba, da wane labari za mu fara?"