Lambobin da Ba na Shagonta Ba

Injiniya, maƙwabcinta mai satifiket uku a bango, ya ce wa wani dattijo aikin sai an yi odar wayar haɗi daga waje, ya ja ƙofarsa ya tafi. Shi ya sa dattijon ya faɗo wajen Mai Rediyo, wadda jami'arta kwandon matattun rediyoyi ce. An rufe shagunan layin kaf, ita kaɗai ta rage, gida ma ba mai jiranta.

Ya ajiye rediyon laluben tashoshi irin na masu jirgin ruwa, da ɗan faifan GPS mai nuna wuri.

"'Yata, so nake wannan ya sha wuta daga wannan."

"Ga odar ta iso," ta ce, ta zaro guntuwar wayar caja daga shara.

Ta gano ƙafar da wuta ke fita a rediyon, ta liƙa jar waya da baƙa, sannan wayar saƙo. Dalmar ta yi ta ƙin kamawa, kamar ƙarfen a jiƙe yake. Shagon ya ɗau warin laka.

"Baba, sai mun fita fili. Ƙarƙashin rufi ba ya ganin tauraron ɗan adam."

"Zai gani."

Ya kuwa gani, nan take lambobin wuri suka fito. Lambobin shagonta ta haddace su, da su take gwaji kullum. Waɗannan ba su ba ne. Ta zuba su a taswirar wayarta: shuɗi zalla, tsakiyar tafki.

Ruwa na ɗiga daga hannun rigar dattijon.

"Rubuta su da kyau, 'yata, ki kai wa iyalina. Kwana tara ke nan suna nemana a ɗaya gaɓar."