Sabon Saiti a Bindigar Injiniya

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar aka kira Sufeto Ladan, an tsinci gawa a garejin wani gida a unguwar Mitchellville, can ƙasar waje. Da ya ji sunan sai ya yi salati. Injiniya Abdulhamid ne, wanda suke haɗa sahu kowace Juma'a.

Ya same shi kwance kusa da teburin aikinsa, harbi ɗaya a ƙirji, ƙaramar bindiga a hannun dama. Kafin a ɗauke gawar har magana ta zaga falo, wai shi ya kashe kansa. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirya, har an fara raɗa ko liman zai sallace shi.

Matarsa Kaltum ta tare Ladan a ƙofar kicin.

"Yallaɓai, wallahi Baban Asma bai kashe kansa ba. Kada ka bari a binne shi da wannan tambari."

"Kina ina lokacin, Hajiya?"

"Na kai Asma islamiyya a Greenbelt. Na bar shi yana ta ƙwanƙwasa bindigar nan. Idonsa ne ya fara rauni, shi ne ya sayo mata sabon saiti."

Ladan ya koma gareji ya sa safar hannu. Ga saitin nan a bisan bindigar, 'yan ƙarafuna biyu, gaba da baya, masu koren ɗigo. A kan tebur akwai kwalinsu da 'yar guduma da sandar tagulla. Ya ɗaga bindigar ya auna bango, ya ga na bayan ya ɗan karkata hagu. A rigar mamacin kuma babu ƙunar albarushi, wadda harbin kusa kan bari.

Mai shirin harbin kansa me zai yi da saiti? Amma zato ba hujja ba ne, kuma a falo wayoyi sai ƙara suke. Hankalin Ladan ya tashi, don ya san labarin zai riga shi isa Najeriya.

Wanda ya tsinci gawar shi ne Sabo, aminin marigayi, mai aikin kemis.

"Kwana biyun nan ba ya cikin hayyacinsa, Sufeto," in ji Sabo, yana share zufa. "Na yi ta ba shi baki."

"Ka san yana da bindiga?"

"Ni? Ko kusa. Yau na fara ganinta."

A jikin kwalin akwai sunan wani shago a Alexandria. Ladan ya kwashe minti hamsin a cunkoson babban titin Beltway yana dukan sitiyari. Mai shagon, wata dattijuwa Irene, kallo ɗaya ta yi wa hoton marigayin.

"Su biyu suka zo ranar Laraba. Shi ja yake so, abokin ya kafe kore ya fi. Na ce ya kawo in ɗora masa da na'ura, guduma na karkatar da shi. Ya ce ai shi injiniya ne."

Ta juyo masa hoton kyamarar shagon. Ga Sabo nan, har da nuna yatsa.

Bayan la'asar Ladan ya ja Sabo gareji ya rufe ƙofa.

"Malam Sabo, ka ce yau ka fara ganinta. Ranar Laraba fa, a Alexandria?"

"Au, rakiya ce kawai. Ruɗewa ta sa na manta."

"Ba laifi. Marigayi dai gwani ne, saitin ya zauna daram."

Sabo kuwa mutum ne da ba ya iya ganin gyara ya ƙyale, ko a gidan makoki.

"Ina fa daram, na bayan ya karkata ha..." Sai ya kama bakinsa.

"Da safen nan aka ɗora shi," in ji Ladan a hankali. "Kuma ba a ganin karkatar sai an ɗaga an auna. Me ka auna?"

Sabo ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Shi ya miƙo min, ya ce in duba zaɓina. Wallahi ban san ya mayar da harsashi ba. Galan ɗin mai nake aunawa, sai ya gitta zai ɗauki guduma, yatsana na kan kunama. Tsoron kurkuku ya kama ni, na sa masa ita a hannu."

Ladan ya buga masa ankwa. Da gangan ya bi da shi ta falo, ta tsakiyar masu raɗa, ya faɗi abin da ya faru da ƙarfi yadda kowa zai ji. 

Kaltum ta miƙe ta tsaya a gaban Sabo.

"Harbin ƙaddara ne, Sabo. Ƙaryar fa? Shekara goma sha biyar kana cin tuwo a gidan nan."

Ladan ya wuce da shi, ya tura shi mota.

Ladan na shirin tayar da mota ya hango Kaltum a bakin ƙofa, waya a kunne, tana kiran mahaifiyar marigayi a Zariya.

"Inna," ta ce, "ki daina kukan nan haka. Abin da aka faɗa miki ba gaskiya ba ne. Ki yi wa ɗanki addu'a."