Perel Biyu a Gida Ɗaya

A zauren wani otal a Manhattan suka fara ganin juna, ranar Lahadi da la'asar. Haka Yahudawa masu riƙo da addini suke yi: mai dalilin aure ta haɗa, iyaye su yi bincike har kan kakan kaka, sannan a bar yaro da yarinya su zauna a bainar jama'a, ko musabaha babu.

Naftali Landau ya zo da baƙar hularsa da tambayoyi goma da ya haddace a jirgin ƙasa. Peri Adler na ɗago ido ta dube shi, duk suka bi iska.

"Ko a kawo miki ruwa?" ya ce.

"Ga shi a hannuna," ta ce tana danne dariya.

Daga nan fa aka gama da bawan Allah.

A zama na huɗu, a wani lambu a Bronx, ta buɗe masa cikinta.

"Peri taƙaitawa ce. Sunana Perel, sunan mahaifiyata. Kwana biyu da haihuwata ta rasu, Tatti, wato babana, ya mayar mini da sunan. Ban san muryarta ba, Naftali. Sunan nan kaɗai ta bar mini."

Mahaifiyarsa, wadda duk unguwarsu ta Riverdale ke kira Penny tun tana makaranta, sunanta na yanka Perel. A danginsu kuwa namiji ba ya auren mai sunan uwarsa. Tsofaffi na cewa gida ɗaya ba ya ɗaukar su biyun, sai ɗaya ta kauce, kuma ba tafiya unguwa suke nufi ba. Mai dalilin auren, da shekara talatin a sana'ar, ta ga Peri ta ga Penny, ba ta ƙara tambaya ba.

To me Naftali ya yi? Abin da maza suka ƙware a kai. Ya yi gum, wai lokaci zai gyara.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Peri tawa, yau na karanta shafi ɗaya sau shida ban gane komai ba. Laifinki ne."

Ta amsa: "Malamin ƙarya. Ka koma ka karanta na bakwai."

Ranar baiko aka taru a gidan su Naftali. Rabbi, malaminsu, ya ɗauki alƙalami zai rubuta takardar alkawari, ya tambayi cikakken sunan amarya.

"Perel 'yar Shimon," in ji mahaifinta.

Tiren da ke hannun Penny ya karkata, kofuna suka zube.

"Wa?" Ta juya ga ɗanta. "Naftali, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. Shirun nan ya fi zagi ciwo, domin Peri ta gane wata guda cur yana kallon idonta da wannan magana a cikinsa. Mahaifinta ya ɗauki kwat ɗinsa, suka fita ko cin komai ba su yi ba.

Washegari Rabbi ya kawo mafita: a ƙara wa yarinya wani suna, a kira ta da shi kwana talatin, shi ke nan sunaye sun bambanta. Kowa ya ce madalla, ban da mai sunan.

Saƙon Naftali ya shigo: "Hasken idona, suna ne kawai za a ƙara. Ke dai ke ce."

"Suna ne kawai? A lambu na faɗa maka mene ne shi a wurina, ka kalle ni ka yi shiru. Kada ka sake rubuto mini."

Kafin mako ya zagayo, mai dalilin aure har ta kai wa Penny hoton wata 'yar Brooklyn, kyakkyawa, mai suna daban. Naftali ya ƙi ko kallo. Ya rame, ya daina zuwa karatu.

A asibitin da Peri ke aiki a Parkchester akwai wata nas 'yar Kano, Halima Sa'adiya, mace mai shekara hamsin da baki kamar reza. Ita ta same ta a ɗakin shan shayi tana kuka.

"Ke 'yar nan, break ya ƙare tun ɗazu. Wa ya mutu?"

Peri ta kwashe komai ta faɗa mata.

"Ikon Allah! Mu ma muna da irinta. 'Yata ta fari sunan surukata gare ta, shekara ashirin ban taɓa furta shi ba, Ummi muke ce mata. Amma mu kunya ce. Wannan matar tsoro take ji. Kin taɓa zama da ita ku biyu, ba malami, ba maza?"

"A'a, Anti Halima."

"To zuwa da kai ya fi aike. Share fuskarki, kin yi kama da kazar da ruwa ya daka."

Ranar Alhamis da rana Peri ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan Landau. Ta tarar da Penny tana kwaɓa fulawar burodin Asabar, ranar ibadarsu. Ba ta ce mata zauna ba.

"Misis Landau, ba roƙo na zo yi ba. Ina son ɗanki, duk da abin da ya yi mini. Amma idan aka sauya sunana, Tatti ba zai ƙara kiran sunan matarsa a gidansa ba. Shekara ashirin da uku da sunan nan yake tashina da safe. Ba zan iya ba."

Penny ta ci gaba da murza kwaɓin.

"Kina zaton don kaina nake tsoro? Ni na ci zamanina. Ke nake ji wa. Perel ɗaya ta tafi wajen haihuwa. Idan na bari kika shigo gidan nan, ranar da aka kai ki ɗakin haihuwa me zan ce wa raina? Ni ma kuma sunan kakata ne, wadda ta goye ni."

Peri ta zo da shirin faɗa da maƙiyiya, ta tarar da uwa. Ta yi sallama ta fita, ta yi kuka a bas har gida, ta sa a ranta an gama.

Ranar Asabar a majami'arsu, bayan karatun Attaura, Rabbi ya yi addu'a ya sanar cewa daga yau Penny matar Landau sunanta Bracha Perel. Ɓangaren mata ya ɗauki salati irin nasu. A wurinsu babba ba a ƙara masa suna sai ciwo ya kai shi bakin kabari. Ana fitowa suka yanyame ta a matakala.

"Penny! Me likita ya ce? Tun yaushe kike ɓoye mana?"

"Bracha," ta gyara musu, idonta jawur. "Lafiyata ƙalau. 'Ya zan karɓa."

A addininsu ranar Asabar ba waya, ba mota. Naftali ya taka da ƙafa daga Riverdale har Pelham Parkway, awa biyu cikin takalmin kwalliya. Ya tsaya a ƙofar su Peri yana haki, ya faɗa mata abin da aka yi.

"Na cuce ki da shiruna. Tsoron rasa ki ne, amma ba hujja ba ce. Ki yafe mini, Perel."

Karon farko ke nan da ya kira sunan cikakke. Ta matsa daga bakin ƙofa.

"Shigo ka sha ruwa, Malamin ƙarya. Yafiyar sai na yi shawara."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Halima Sa'adiya ta zo da gwaggwaronta, ta koyi "Mazal tov", barka irin tasu, tana raba wa kowa har da masu raba abinci. Da za a kai amarya ƙarƙashin rumfar aure, gefen da uwa ke riƙewa babu kowa. Bracha ta tako ta kama hannun.

Rabbi ya buɗe takardar aure ya karanta da ƙarfi: "Perel 'yar Shimon."

Tsoho Shimon ya rufe ido, leɓensa na maimaita sunan, hawaye na bin gemunsa. Bracha ta matse hannun amarya ta raɗa mata:

"Ki riƙe abinki, 'yata. Ki tsufa da shi, ki ga jikoki."

Allah ya ba da zaman lafiya, ya raba su da abin da suka ji tsoro.