Ƙusa Uku a Harshen Saniya

Babana, Ulysse Naquin, tsofaffin jiragen kamun kifi yake sayarwa a bakin fadamar garinmu Houma, kuma ko ya rantse da kabarin uwarsa ba mai saye. Ina 'yar shekara goma sha biyar ya ce in raka shi wurin wani boka, tsoho Gaspard.

Da tsakar rana muka isa, amma cikin bukkar duhu ne kamar rijiya. Ƙudaje, ƙarnin ɗanyen nama, kwalabe jere a bango, kowacce da wani baƙin abu nutse cikin zuma.

"Me kake so, Ulysse?"

"In yi magana a yarda da ni."

"Yarda ba ruwan sama ba ce, sai an ɗebo ta daga wani wuri. Mutum nawa ne a gidanka?"

"Uku. Matata, ɗana Rémy, da wannan."

"Sun isa."

"Ba dai jini ba?"

Tsohon ya yi dariya. "Me zan yi da jini? Ko ƙwarzane ba zan yi musu ba."

Ya ɗauko harshen saniya, ya sa Baba ya tofa masa yawu, ya kafa ƙusa uku, ya cusa a kwalba ya toshe. Ta ukun, idonsa na kaina ya buga ta.

Kafin shekara ta zagayo, in Baba ya ce inji sabo ne, mutum yana kallon tsatsa zai zaro kuɗi. Muka koma gidan bene.

Mama ce ta fara. Ta ce ƙirjinta na ciwo, a asibiti aka ce gajiya ce. Ta koma, aka ce so take a lallashe ta. A kicin ta faɗi ta mutu, ludayi a hannunta. Rémy ya fita kamun jatan lande, ya yi ta kira ta rediyo cewa jirginsa na shan ruwa. Masunta sun ji shi sarai. "Kai Rémy, ba ka gajiya da wasa!" A cikin ciyawar ruwa aka tsinto gawarsa.

Ranar jana'izar Rémy, Baba ya miƙe a coci ya ce, "Ni na kashe su." Kowa ya yarda nan take. Yana can a kulle a gidan yari yana hira da bango, dukiyar ta bi ruwa.

Ni ban mutu ba. Na karanta lissafi a jami'a, don biyu da biyu ba sa buƙatar a yarda da ni. In na yi ciwo ba na faɗa, sai jikina ya yar da ni a gaban mutane.

Wata Asabar muna ɓare ƙaguwa a bayan gidan Delphine, ƙawata tun muna yara, na ba su labarin, ita da wata ƙawarmu Charmaine.

Charmaine ta tuntsire da dariya. "Odalie, da digirinki? Harshen saniya?"

"Da idona na gani."

"Baƙin ciki ne, 'yar uwa. Ki ga likita."

Delphine ta lashe yatsa. "Shagon gyaran gashina ya kusa rufewa. Ko ni ma in je a buga min nawa?"

"Kada ki je, Delphine. Kina da yarinya."

"Ai tatsuniya ce, me zai ci ni?"

Gidan benenmu ta gani da idonta. Maganata ce kawai ba ta shiga kunnenta.

Yanzu shagunanta uku. Makon jiya na leƙa, na tarar da 'yarta Noélie kwance a kujera ta riƙe ciki, gumi na zuba.

"Mama, ciwo yake sosai."

"Makaranta ce ba ta so," in ji Delphine. Matan shagon suka kwashe da dariya.

"Ku kai ta asibiti! Yarinyar nan ba ƙarya take ba," na ce.

"Ga gwanar tatsuniya ta iso," in ji Charmaine daga kujerar kitso.

Na sungumi yarinyar na nufi ƙofa. Delphine ta ƙwalla ihu cewa satar 'yarta na zo yi, kuma kowa ya yarda. Suka ƙwace ta, suka jefa ni titi.

Jiya aka binne Noélie.

Duk mai kwaɗayin a yarda da bakinsa, ya fara tambaya daga bakin wa za a ɗebo. Ku ma na san ba ku yarda da ni ba. Ban roƙe ku ba.