Buhu Goma na Riɗin Korgom

Inna Nasiba ba ta yi sallama ba da ta shiga ofishin 'yan sanda na Tessaoua. Ta dire buhun riɗi gaban Insifekta Na Allah.

"An ce ni ɓarauniya ce. Nemo mai laifin ka ɗaure shi, ko ɗan wa ne."

Shekara shida take riƙe da makullin mangazar matan Korgom, inda suke tara riɗinsu. Wani kamfani a Turkiyya ke saye, ta hannun wakilinsa na Kano. Bana wakilin ya auna kayan, ya tarar da maganin ƙwari, ya maido su, ya ce an fasa ciniki. Mata suka karɓe makullin daga hannunta a gaban jama'a.

Insifekta ya je Korgom ya duba buhunan. Bakin kowane ɗinkin keke ne.

"Mu da basilla muke ɗinki," in ji Nasiba. "Ina muka ga keke?"

Ya kira direban da ya kai kayan Kano, Misbahu, wanda ya rantse bai tsaya ko'ina ba.

"Talata ka ɗauki kaya. Takardar duwan, wato kwastan, ta ce Alhamis ka ƙetare iyaka. Ina ka kwana?"

Misbahu ya hau kame-kame. Insifekta ya juya ga Nasiba.

"Buhu nawa kuka loda, Inna?"

"Arba'in. Ba ni da boko, amma ba ni da makanta."

Takardar ta ce hamsin. Sa hannun da ke ƙasanta na Abdurrahamane ne, ɗan Nasiba, wanda ke yi wa matan magana da wakilin a waya.

Da aka kawo shi bai yi gardama ba. Kamfanin ya ce ko hamsin ko a fasa. Ya ji tsoron ciniki ya suɓuce wa matan, sai ya sayo tsohon riɗi a kasuwa, wanda aka zuba wa magani, ya tsayar da motar a hanya, ya kwance buhunan ya gauraya, aka sake ɗinke su da keke.

"Inna, don ku na yi."

"Kana tsaye aka karɓe makullin. Kana kallona."

Insifekta ya tambaye ta a hankali ko za ta janye ƙara. Ta dubi ƙasa, ta ce a'a. A rubuta wa mutanen Turkiyya cewa matan Korgom ba su ha'inci kowa ba.

Aka sa wa Abdurrahamane ankwa. Sai da suka kai ƙofa ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Yana da gyambon ciki. Kada ku ba shi abinci mai yaji."