Rigar Taurarin Tasha

"Ƙonawa?! Ita rigar za a ƙona?"

Meram ta fizge ta daga kan gado ta ƙanƙame a ƙirji, kai ka ce jariri za a ƙwace mata.

Zaituna ta gyara zama a bakin gadon ƙarfen, ta ɗan taɓe baki.

"Ke dai Meram kin cika hayaniya. Ni saƙo na kawo, ban zo da ashana ba. Baffa ya sauko, ya ce ɗansa Babayo ya aure ki... amma sai an ƙona duk wani abu da ya shafi kiɗa. Jitarsa ma tuni ta zama toka."

"Jitar?! Wayyo Babayo..."

"Saura abin da ke hannunki."

Zaituna 'yar ƙanin mahaifin Babayo ce, tana zaune a Gashua wurin goggonta, kuma ita ke kai da kawowa tsakanin masoyan tun farko. Meram ta ɗauke ta tamkar ciki ɗaya suka fito. Allah sarki, ba ta taɓa tsayawa ta kalli idon yarinyar ba idan an ambaci sunan Babayo.

Rigar kuwa, in ka gan ta sai ka yi dariya. Singileti ce mai hannu, ruwan ɗorawa, an buga hoton kan jirgin ƙasa a gaba, a ƙasa an rubuta *Taurarin Tasha, Gashua 1983*. Wasu samarin Nguru ne 'yan unguwar tasha suka haɗa ƙungiyar kiɗa, suka zo suka yi wasa a gidan silima. Babayo ɗan Alhaji Hamajoɗa mai shanu shi ke kaɗa jita. Da aka tashi ya kutso cikin mutane ya iske Meram a bakin ƙofa, ya ɗora babbar riga, ya miƙa mata singiletin da gumi sharkaf.

"Riƙe mini wannan, Meram tawa. Ranar da kika shigo ɗakina kya dawo mini da ita."

Tun ranar ko ruwa bai taɓa rigar ba.

Ba rigar kaɗai ba ce. Meram tana da wani albam mai baƙaƙen shafuka, kuma ita irin mutanen nan ce da ba sa yar da komai. Sai ta jiƙa ƙaro a murfin gwangwani ta yi ta liƙe-liƙe. Tikitin shiga wasan yana ciki, da takardar alewar da ya fara saya mata, da tsirkiyar jitar da ta tsinke yana yi mata waƙa a zaure, da ganyen da ya ƙunso wa Kakarta goro. Har gashin zabon da suka yanka da Sallah ta liƙa. Ƙawayenta suna ce mata mai tara bola, ita ko a jikinta.

"Amma Zaituna..." Muryar Meram ta yi ƙasa. "In na aika da abin da ya ba ni gidansu, ba za a ce na mayar masa da kaya ba? Kin san abin da wannan ke nufi."

Kowa ya sani. Budurwa ta mayar wa saurayi kayansa ta hannun babba, magana ta mutu ke nan, ba a ko tambayar dalili.

Zaituna ta tuntsire da dariya har da tafa hannu.

"Lefe ne? Sadaki ne? Tsumma ne fa da takardar alewa! Haba ƙawata, wa zai kira wannan kaya?"

"Shi Babayon ya sani?"

"Yana can fadamar Jakusko da ragowar shanu, kin dai ga farin bana. Shi ya ce in gaya miki. Ya ce, ki ce wa hasken idona ta yi haƙuri, riga ce kawai."

Hasken idona. Da wannan kalmar aka gama da Meram.

"Kuma kada ki ba ni," in ji Zaituna tana gyara mayafi. "Baffa ba ya karɓar abu a hannun yara. Ki ba babba ya kai, shi ne girmamawa."

*

Da hantsi Meram ta zauna da reza tana ɓanɓare shafuka. Ƙaro ba ya sakin abu da daɗin rai, duk wanda ta cire sai ya taho da fatar takarda ya bar farin tabo. Tana yi tana kuka tana dariya.

"Ku tafi," take ce musu. "Mai ku zai zo ya maye gurbinku."

Sannan ta wanke rigar a karon farko, ta shanya, ta ɗauko kaskon Kaka ta zuba turaren wuta mai kyau, wanda ake ɓoyewa don amare. Ta kifa kwando ta baza rigar a kai har hayaƙin ya ratsa kowane zare. Ko wuta za a jefa ta, ta ce, ba za ta shiga gidan surukanta da ƙarnin kifi ba.

Ai ƙarnin kifin nan shi ne tushen rigimar. Malam Madu, mahaifin Meram, dillalin banda ne a kasuwar Gashua, su kuwa gidan Hamajoɗa ko kwanon da aka ci kifi ba sa sha da shi. Shi ma Madun ba ƙaunar haɗin yake yi ba, ya sha faɗa cewa bai haifi 'yar da zai ba makaɗi ba. Kaka ce ta tsaya kai da fata har aka karɓi kayan na-gani-ina-so, turamen atamfa da goro da turare, aka ajiye a akwatin ƙarfe.

Meram ta durƙusa a gaban mahaifinta da ƙunshin.

"Baba, don Allah in za ka Nguru kai kaya... ka miƙa wa Alhaji Hamajoɗa wannan."

"Mene ne a ciki?"

"Abubuwan da Babayo ya ba ni ne. An ce..."

"Abubuwan da ya ba ki." Ya dube ta, ya dubi ƙunshin, ya daɗe yana shafa gemu. "Ke da kanki kika ɗaure?"

"Ni na ɗaure, Baba."

"To madalla. Allah ya yi miki albarka."

Rabon da ya sa mata albarka har ta manta. Ta koma ɗaki tana rawa, sakarya!

Kasuwa ta ci, wata ta zagayo ta sake ci, shiru. Zaituna ta bar Gashua ba ko sallama. Meram ta ce ai shirye-shirye ne suka sha kanta. Ta fara shan gumba, tana gwada lalle a tafin hannu, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi.

Wata safiya ta buɗe akwatin ƙarfen don ta kai wa tela atamfa ɗaya.

Wayam.

"Baba! Baba, an yi mana sata! Kayan na-gani-ina-so..."

Malam Madu yana tsakar gida yana jera banda a kwando, ko kai bai ɗaga ba.

"Ba sata ba ce. Na haɗa da ƙunshinki na kai musu."

"Ka haɗa...?"

"Ana mayar da kaya rabi ne? Gaban dattawa na ajiye, na ce 'yata ta ce a kawo. Ƙarya na yi?"

"Wallahi Baba ba haka nake nufi ba! Ƙonawa aka ce za a yi! Sharaɗi ne aka..."

"Ni ban san wani sharaɗi ba. Ke kika ɗaure, ni ɗauka kawai na yi." Ya karya kan wani tarwaɗa ya jefa wa kyanwa. "Ki kwantar da hankalinki ma, Juma'ar da ta wuce aka ɗaura wa Babayo aure da 'yar ƙanin ubansa. Kowa ya koma cikin danginsa."

Meram ba ta yi ihu ba. Ta dafa bango, ta ji bangon ma kamar yana tafiya.

*

A bayan a-kori-kurar masu kifi ta tafi Nguru, a matse tsakanin kwandunan banda. Duk hanya gawar shanu ce a gefen titi, fata a manne da ƙashi. Abu ɗaya take maimaitawa a ranta: bai sani ba. Da ya ji gaskiya zai tashi duniya tsaye. Babayo ne fa!

Ba ta taɓa shiga gidan ba, amma ɗakin amarya ba ya ɓuya. Ta ɗaga labule ba sallama.

Zaituna tana tsaye gaban jeren kwanukanta, hannu da ƙafa lalle ya yi jawur, tana goge wata samira. Tsumman da ke hannunta ruwan ɗorawa ne. An yage hannu ɗaya, rabin kan jirgin ya yi baƙi da tokar wanke-wanke.

"Lale da baƙin Gashua!" Ko gezau ba ta yi ba. "Kin ga ba a ƙona ta ba. Wallahi ta fi kowane tsumma shan ruwa."

"Me na yi miki, Zaituna?"

"Me kika yi mini?" Ta ajiye samirar da ƙarfi. "Tun ina goye ake ce mini matar Babayo! Sai ga ki daga bakin kogi. Ni ce mai ɗaukar saƙo, ni ce mai riƙe miki mayafi kuna hira a zaure, in koma gida in cusa kai a matashi. Kin taɓa tambayata me ya sa idona ke ja? Ko sau ɗaya?"

"Na ɗauke ki 'yar'uwa..."

"Kin ɗauke ni 'yar aike."

Aka ɗaga labule.

Babayo ne. Ya rame, rana ta ƙona shi, an aske sumar nan da yake taje ta da cokali mai yatsu. Da ya gan ta sai da ya riƙe ƙyauren ƙofa.

"Meram..."

Nan fa kukan ya ɓalle mata. Ta zube a gabansa, maganar tana fita a guntule.

"Babayo, ban ƙi ka ba! Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban ƙi ka ba! Ita ta ce Baffa ya yarda... ita ta ce kai ka aiko... Baba kuma ya haɗa da atamfofin ban sani ba. Rabin raina, yaudararmu aka yi, mu duka biyu!"

Ta jira ya juya kan Zaituna. Ta jira tsawa.

Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

"Na sani."

"...Me?"

"Tun da na kwance ƙunshin na sani. Ƙamshin ya cika zauren. Wadda ta ƙi mutum ba ta turara masa riga, Meram."

"Ka sani... ka yi shiru?"

"Shanunmu sun ƙare." Ya ci gaba, bai ɗago kai ba. "Da hannuna na binne wasu, wasu na bar wa ungulu. Garken baban Zaituna ne kawai ya tsira, shi ya yi kudu da wuri. Ya ce zai raba da Baba in an haɗa ni da ita. Ni kuma na riga na yi miki alkawari gaban manya, in na janye a ce ɗan Hamajoɗa ya ci amana. Ina cikin wannan sai ga kaya sun dawo da ƙafarsu..."

"Sai ka ji daɗi."

"Ban ji daɗi ba! Wallahi na yi kuka!"

"Ka yi kuka." Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe a hankali. "Duk Gashua da Nguru ana cewa Meram ta yaudari yaro ta watsar. Kai ka fita fes, ni na kwashi baƙin jini. Kuma kana ji."

"Ke kyakkyawa ce, za ki samu wani..."

"Kalle ni ka faɗa."

Bai kalle ta ba.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji ta. "Ban ce ka sake ta ba, ban ce ka aure ni ba. Ka fita tsakar gidan nan ka gaya wa iyayenka cewa ban ƙi ka ba. Shi ke nan. In tafi da sunana."

A karon farko tsoro ya bayyana a fuskar Zaituna.

Sai ga takun takalmi. Wata dattijuwa fara, doguwa, ta leƙo da ƙwaryar nono a hannu. Nagoggo ce, mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa ganin fuskar Meram ba. Ta ɗan ja hanci, ta yamutsa fuska, ta toshe da bakin zane.

"Babayo, wace ce wannan a ɗakin amarya? Me ya sa take kuka?"

Meram ta kafe shi da ido. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa, ta ga leɓensa ya buɗe, har zuciyarta ta fara yafe masa tun kafin ya furta.

"Mai tallan kifi ce, Dada," ya ce. "Ɓatan gida ta yi."

"Ayya, baiwar Allah. Nan gidan ba ma ci. Ki gwada maƙwabta."

Meram ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, gaisuwar da ta daɗe tana gwadawa a gaban madubi don ranar da za a kawo ta.

"Gaskiya ne, Inna. Ɓatan gida na yi."

Ta gyara mayafinta ta bi ta gefensa ta wuce, shi kuwa ya matsa ya ba ta hanya.